Buzun da Na Ba Surukina

Don Allah a taimaka mini, kyauta ta ja mini abin da rowa ba ta taɓa ja mini ba.

Ni mutum ne mai riƙon hannu, ba zan yi musu ba. Matata kan ce ko mura ba na yarda in raba wa mutane. Kwanakin baya ragona ya faɗi matacce, lafiyarsa ƙalau da safe, sai baƙin jini ta hanci. Maƙwabcina ya ce in binne shi yadda yake. Naman dai na haƙura, amma fata? Na ce wannan asara ba da ni ba. Na feɗe shi da kaina a bayan gida, na shanya, na kai wa surukina buzu. Tsohon nan har hawaye ya yi, don bai taɓa ganin ko tsinkena ba.

Sai ƙurji ya fito mini a hannu, ga ƙaiƙayi, ya yi baƙi a tsakiya kamar gawayi. Likita ya ce cutar saifa ce ta dabbobi, na kwasa wajen fiɗa. Ya tambayi fatar, ni gwanin wayo na ce na ƙone ta.

Yanzu ina shan magani, shi kuma Baba kullum yana kan buzun, jikoki na birgima a kai, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa kyautar surukinsa. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi, da wane baki zan ce ya dawo da ita? Tsoro nake ji, wallahi.

Daga Mai Kyautar Fari

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da jiki. Na fahimci nauyin suruki, kuma na san ba mugunta ka nufa ba. Amma ƙwayar wannan cuta tana shekaru a jikin fata ba ta mutu ba. Tana shiga ta ƙaramin rauni, ko a shaƙe ta cikin ƙura, kuma ta shaƙa ta fi kisa. Buzun nan ba zai jira ka gama jin kunya ba.

Yau ka faɗa wa matarka, ubanta ne, ku tafi tare. Kada a kakkaɓe buzun, kada kowa ya ƙara taɓa shi. Ka kira malaman dabbobi su ɗauke shi, su duba inda ka yi fiɗa, su yi wa sauran dabbobi rigakafi. Ka koma wurin likita ka gyara maganarka, a duba Baba da yaran.

Zai yiwu ya yi fushi, ka jure. Daga nan ka shiga kasuwa ka saya masa darduma sabuwa, kuma a wannan karon kada ka nemi ragi. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare gidan Baba.