Baƙin Mai Ya Daskare

Stains, Faransa, Talata, 11 ga Maris 2008

Motata ta mutu a hanyar Lyon, da shaddar Hajiya Rabi da nake mata dako a baya. Yau makanike ya buɗe injin, baƙin mai ya daskare ciki kamar kwalta. Ya ce, "Alhaji, wannan ba gyara, sai sabo."

Ni da ban taɓa wuce lokacin juyen mai ba!

Ƙanena na Amirka ya ce can masu irin motar sun haɗa kai sun kai ƙara, kamfani ya gyara musu. Na je wurin dillalin motar, ya ce wannan zancen Amirka ne.

Hajiya ta riga ta ba wani direba kayanta. Matata tana tambaya ƙarfe nawa za ta tashe ni gobe.