Inda Turaren Wutana Yake Tafiya

Laraba, 5 ga Nuwamba, 2008
Duk wanda ya buɗe littafin nan ya rufe shi, Allah na ganinsa. Uwaisu, da kai nake.
Turaren wutar da yayata ta aiko mini daga Maraɗi ya kusa ƙarewa, kuma ba ni nake ƙona shi ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba
Na gano. A ɗakin Uwaisu ake ƙona shi don ya danne warin wiwi. Ɗana, shekara sha bakwai. Ashe tarin nan da barcin rana da faɗuwar lissafi duk abu ɗaya ne.
Bai ma musa ba. Wai jiya-jiyan nan mutanen jihar Michigan suka jefa ƙuri'a aka halatta ta a matsayin magani, wai nan jiharmu ma lokaci ne kawai. Na tambaye shi ciwon me yake yi. Manya su yi ƙuri'a don marasa lafiya, yara su ji an ce a sha.

Litinin, 10 ga Nuwamba
Na yanke shawara. Zan kira 'yan sanda su tsorata shi, yadda babanmu ya kai ƙanena wurin jandarma can gida ya yini a benci ya dawo mutum.

Talata, 11 ga Nuwamba
Lokacin hutu a wurin aiki, can titin Wendover, na gaya wa Yemima, 'yar Jos da muke shirya kwalaye tare. Ta ajiye cokalinta.
"Maman Uwaisu, nan ba a aron ɗan sanda. In suka rubuta sunansa, ya rubutu. Katin zaman baƙo gare shi, ba fasfon ƙasar nan ba. Kina so a mayar miki da shi Yamai shi kaɗai?"
Na ce ni dai tarbiyya nake nema. Amma ban kira su ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
Na kai shi asibitin yara. Likita ta ce in jira a waje. Ni da na haife shi! Na jira. Ya fito idonsa ja, ba irin jan hayaƙin da na sani ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba
Ban sauya ra'ayi kan wiwi ba, ko jihohi hamsin za su halatta ta.
Bayan la'asar na zaunar da shi da ƙanwarsa Ousseina, na kafa doka. Turare ya koma ɗakina da makulli. Ƙofar ɗakinsa a buɗe. Likita duk ranar Juma'a, ni zan tuƙa.
Kuma duk wanda ya shiga matsala a gidan nan, ko wace iri ce, ni zai fara kira. Faɗan sai mun dawo gida.