'Yata Ta Manta Hausa, Ni Kuma Sabiyanci Ya Gagare Ni

Gwaggo Indo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, ni dai dabarata ta ƙare. Sau uku ina fara wannan wasiƙar ina gogewa, don duk wanda na gaya wa damuwata sai ya fara yin dariya kafin ya ba ni haƙuri. Wai mace da girmanta tana kuka a kan nahawu.

Ni 'yar Azare ce, shekarata talatin da huɗu, sha biyu daga ciki a Alƙahira na yi su. Karatun Larabci ya kawo ni. Yanzu ina zaune a unguwar Ard al-Liwa, kullum da rana in hau mota zuwa unguwar Hay el-Sabi' in koya wa 'ya'yan mutanenmu nahawun Larabci a falon wata baiwar Allah. Sana'ata ke nan, koyar da yara nahawu, kuma iyaye na yaba min.

A wajen karatu na haɗu da baban 'yata. Musulmi ne, daga wani gari a kudancin ƙasar Sabiya. Da Larabci muka yi soyayya, da shi muka yi faɗa, ban taɓa tunanin koyon yarensa ba, shi ma a Hausa bai wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Allah ya ba mu 'ya mace, zan kira ta Zahra ko da yake ba shi ne sunanta ba. An haife ta da matsala a ƙugu, har ta shekara uku tana ɗingishi. Babanta ya ce a kai ta ƙasarsu a yi mata aiki tunda tana da fasfonsu. Ni a lokacin iƙamata, wato takardar izinin zamana a Masar, ta mutu, aurenmu kuma ba mu taɓa yi masa rajista a can ba, sakacinmu ne mu biyu. Aka yanke su yi gaba, in gyara takardu in bi su cikin wata shida. A filin jirgi Zahra ta ce min in zan zo in taho mata da jan takalminta. Da Hausa ta faɗa, tiryan-tiryan.

Shekara huɗu ke nan. Aikin ya yi kyau, alhamdu lillah, yanzu har gudu take yi. Amma biza ta gagare ni sau biyu, takarduna ba su cika ba. Auren kuma ya mutu a waya, babu wani babban faɗa, sanyi kawai ya yi ta yi har ya sake ni. Yanzu yana tuƙin babbar mota a Jamus, Zahra tana hannun mahaifiyarsa. Ba zan zalunci tsohuwar nan ba, Gwaggo. Duk ranar Lahadi bayan la'asar ita ce take zaunar da yarinyar, ta riƙe mata waya mu ga juna. Ba ta taɓa fashi ba. Sai dai ba ta jin komai sai Sabiyanci.

Shekarar farko Zahra tana min Hausa haɗe da Larabci. Ta biyu kalmomi suka fara zubewa. Wata Lahadi na tambaye ta ko ta ci abinci, sai ta juya ta kalli kakarta tana jiran a fassara mata. Kakar ma ta kalle ni. Ranar na ce khalas, shi ke nan, tunda ba ta iya zuwa inda nake, ni zan je inda take, zan koyi yaren.

Na shiga da ƙarfina, har da ɗan girman kai. Na ce wadda ta iya i'irabin Larabci, mene ne zai ba ta tsoro? Ashe ban sani ba. A Larabci ƙarshen suna hali uku yake da shi. A Sabiyanci bakwai ne. Gida sunansa kuća, amma in kana cikinsa ya zama kući, in za ka shiga kuću, in ka fito kuće. Mu namiji da mace muka sani, su suna da na uku wanda ba namiji ba ba mace ba, kuma kalmar yaro, dete, a cikinsa take. Rubutu iri biyu ne. Na wahala na koyi wanda ya yi kama da bokonmu, sai Zahra ta shiga aji ɗaya aka fara musu da ɗayan, wanda a cikinsa abin da ido ke gani P sai a ce R ne, H kuma N. Na sayi littafin yara mai hotuna, na manna jadawali a jikin firiji da ƙofar banɗaki, ina bita a cikin mota har kwandasta ya taɓa tambayata ko lafiya. Wata goma sha huɗu ina yi.

To in Lahadi ta zo, sai komai ya watse. Kafin in gama lissafin wane ƙarshe zan sa wa kalma, yarinya ta gaji ta fara wasa da kyanwa. Akwai ranar da na ce bio sam maimakon bila sam, ashe na mai da kaina namiji. Ta yi dariya har da faɗuwa, ta kira kakarta ta gaya mata. Wallahi ban ji haushi ba, daɗi ma na ji, don rabon da in sa ta dariya na manta. Amma yanzu ta daina dariyar. Gyara take min, fuska a murtuke kamar malamar makaranta, in na sake kuskure ta yi ajiyar zuciya.

Abin da ya karya ni wata biyu ke nan. Na so in ce mata ina kewarta. A yarensu juya maganar ake yi, nedostaješ mi. Sati guda ina maimaitawa. Da na ga fuskarta sai na rikice na ce nedostajem ti, wanda ke nufin kina kewata. Ta ɗauka tambayarta nake. Ta tsaya tana tunani da gaske, irin na yaro mai son faɗin gaskiya, sannan ta ce ne znam. Wannan kam na san ma'anarsa, yana cikin abin da na fara koya. Ban sani ba, in ji ta. Kakar ta yi saurin karɓar wayar tana ta magana, ban gane ko kalma ɗaya ba.

Daga nan na kasa buɗe littafin. Ina tsaye ina koya wa 'ya'yan wasu mubtada da habar, su gane cikin minti goma, ni kuma tawa 'yar ba zan iya haɗa mata jimla biyu ba. Lahadi biyu da suka wuce ban ɗauki waya ba, na bari ta yi ta ƙara har ta katse. Sai kakar ta turo min hoton shafin littafin Zahra, aikin makaranta a kan iyali, an ba ta maki mafi girma. Awa biyu na yi ina haɗa baƙaƙen. Ta rubuta kakarta, babanta, kyanwarta. A layin ƙarshe ta ce mamanta tana zaune a Masar, tana koyon magana. Koyon magana, Gwaggo, kamar jaririya.

Yayana Ja'afar ya ce in tattara in dawo gida, in yi aure, in bar wa Allah, in yarinyar ta girma za ta neme ni. Maƙwabciyata Awadiyya, 'yar Sudan, ta ce ma'alish, in yi haƙuri, in daure in ci gaba. Ni kuma gani nake ko na shekara goma ina yi ba zan cim mata ba, kullum tana ƙara nisa a yaren ni ina rarrafe. Shin in haƙura in koma gida? Ko kiran nan ma takura mata kawai nake yi? Ki gaya min gaskiya ko da ba daɗi.

Wata uwa, Ard al-Liwa


'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, ban yi dariya ba ko sau ɗaya. Kin nemi gaskiya, to ga ta. Yarinyar da kika raka filin jirgi ba za ta dawo yadda ta tafi ba. Hausar nan ta zube, kuma ba zan yi miki alkawarin biza ko ranar haɗuwa ba, don ba a hannuna suke ba. Kin yi daidai da kika ce ba za ki cim mata a Sabiyanci ba. Ba za ki cim mata ba. Ita da shi take mafarki. Wannan rashi ne na gaske, ki yi kukansa, babu kunya a ciki.

Amma akwai wurin da na ga kin yi wa kanki mugun hukunci. 'Yar shekara bakwai da aka tambaya ko tana kewar wadda ta rabu da ita tana shekara uku, in ta ce ba ta sani ba, gaskiya ta faɗa, ba ƙiyayya ba ce. Da ƙyar ma in tana tuna ƙamshin jikinki. Abin da take da shi na uwa shi ne fuskar nan ta ranar Lahadi, kuma shi kika janye mata sati biyu. A nan kam na ga laifinki. Shafin littafin kuma, ke kin karanta raini, ni na karanta yarinyar da aka ce ta rubuta iyalinta ta sa ki a ciki, kuma abin da ta sani a kanki shi ne kina ƙoƙari.

Ban iya Sabiyanci ba, amma na ga inda kika ɓata hanya. Kin shiga yaren ta ƙofar malamai. Ki tuna Zahra ba ta san akwai hali bakwai ba, kuma ba ta kuskure su. Ki sauke jadawalin nan daga firiji na wata uku. Kowane sati ki haddace jimla biyar cikakku, yadda ake haddar aya, waɗanda za ki faɗa mata a wannan Lahadin kawai: me kika ci, nuna min ƙafarki, ina kyanwa, karanta min. Nahawun zai biyo baya, kuma a nan iliminki zai yi miki rana. Sannan littafi ba ya isa, kina buƙatar bakin mutum. Alƙahira cike take da ɗalibai daga kowace ƙasa. Ki yi cigiya a Hay el-Sabi' ko akwai ɗaliba daga yankinsu, ki koya mata i'irabi ta koya miki hira.

Gyaran da take miki, kada ki guje shi, ki mai da shi aikinta. Ki roƙe ta ta koya miki kalma uku duk sati, ta ba ki maki. Ke ma ki ba ta kalmar Hausa ɗaya, guda ɗaya tak, ba tare da jarrabawa ba. Kuma ki rage tsawon kiran. Minti goma da kuke yin wani abu tare, ko da zane ne kowa da takardarsa, ya fi rabin awa na kallon-kallo.

Kakar nan ki riƙe ta da kyau. Matar da ta shekara huɗu tana riƙe waya, ta turo miki shafin nan bayan kin yi shiru, ba ta son ki ɓace. Ki koyi gaishe ta da tambayar lafiyarta kafin komai.

Maganar Ja'afar ba ta mugunta ba ce. Yana ganin ƙanwarsa ita kaɗai a ƙasar mutane, ƙuruciyarta na tafiya, kuma yana da gaskiya cewa rayuwarki ba za ta tsaya a ranar Lahadi ba. Komawa gida ko yin aure ba yasar da 'ya ba ne, waya na kamawa a Azare. Inda ban bi shi ba shi ne jiran ta girma ta neme ki. Yaro ba ya neman wanda bai sani ba. Kafin ki yanke, ki zauna da lauyan da ya san harkar iyali tsakanin ƙasashe, ya gaya miki matsayinki na uwa, da inda neman ziyara zai fi miki sauƙi, Masar ko gida. Ki yi wa babanta magana a kan ya kawo ta hutu. Yana iya ƙi. Ki tambaya duk da haka, kuma a rubuce.

Ban ce miki zai yi sauƙi ba, ban ma ce zai yi daɗi ba. Wataƙila shekaru za ku yi kuna magana a guntu-guntu. Wannan Lahadin dai, in waya ta yi ƙara, ki ɗauka, ko da kalma ɗaya ba za ta fito daidai ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya Zahra, ya sa ki gan ta da idonki.

Gwaggo Indo