Na Bi Ɗaurin Aure, Na Maƙale Nepal

Zuwa ga Yaya Gado,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da Zinatu da yara. Yaya garin Aliero, an fara cirar albasa? Allah shi ba da albarka.

Ni lafiyata lau, ina ci ina sha. Sai dai ba makaranta nike ba, ba ma Indiya nike ba.

Abokin karatuna ya gayyace mu ɗaurin auren yayarsa a Nepal, ƙasar da ke maƙwabtaka da Indiya. Munka zo iyaka, abokaina 'yan Indiya sunka wuce ba wanda ya tambaye su takarda, ni ma na bi bayansu. Wallahi na ɗauka kamar mu tashi Kamba mu ƙetare iyaka mu shiga Gaya ne. Ashe su kaɗai aka yarje wa haka. Da munka juyo, aka ce fasfona ba hatimin fita, ba ni komawa. Su sun koma, ni kwanana tara nan, jarrabawa kuma ran Litinin.

Dangin amarya na riƙe da ni da mutunci, amma kunyar cin abincinsu ta ishe ni.

Don Allah, Yaya, takardar shedar ɗaukata makaranta na cikin akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwanta. Ka ɗauki hotonta ka turo yau, ita ma'aikatan iyaka sunka nema. Kada ka ce gobe.

In Inna ta tambayi dalili, ka ce kyauta za a ba ni. Hoton bikin da na turo mata, ka bar ta ta ci gaba da nuna wa maƙwabta.

Ƙanenka,
Waliyyu