Babu Wani Bayardo a Unguwar Nan

Talata, 12 ga Satumba

An gama ganawar da hukumar shige da fice, na gode Allah. Mun dawo daga San José, babban birnin ƙasarmu, na cire takalman da yayata Marielos ta ara mini, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na daɗe ina fargabar ranar nan, ashe abin bai kai yadda na zata ba. Ɗaki daban suka sa ni, suka sa mijina Bayardo wani, don su gane ko aurenmu na gaske ne ko na takarda. Wata jami'a ta yi ta tambayata, wane gefen gado yake kwana. Sunan mahaifiyarsa. Me ya ci da safe. Na ce shinkafa da wake, amma jan wake, don mutumin Nicaragua ko zai tsufa a ƙasar nan ba zai yarda baƙin wake abinci ba ne. Matar ta yi murmushi ta rubuta. A mota ya ce shi ma haka ya faɗa, sai dai ya ƙara da cewa gishiri ya yi yawa. A ofishin gwamnati fa!

Lauya ta ce saura abu ɗaya kafin a ba shi katin zama na dindindin. Za su zo gida ba sanarwa, su tambayi maƙwabta ko tare muke. Wannan kam ko a jikina. Rabin rufin kwanon unguwar nan shi ya buga.

Laraba, 13 ga Satumba

Barci har rana ta take. Ban buɗe rumfar abinci ba, mai gunaguni ya yi.

Lahadi, 17 ga Satumba

Marielos ta biyo daga coci ta karɓi takalmanta, ba ta zo hannu biyu ba, da maganarta ta zo. "Ke dai Lidieth, rage rawar kai. Ranar da katin nan ya shiga aljihunsa, sai dai ki ji labarinsa." Na ce, "Yaya, naki mijin da katinsa aka haife shi, yana ina yanzu?" Na san na yi kaifi da yawa, amma ita ta tsokano.

Abin haushin, maganar ta zauna mini. Yau ma Bayardo ya kira mahaifiyarsa doña Chepita a garinsu Estelí, can Nicaragua. Idanunta sun fara mutuwa. Rabonsa da ita tun kafin mu yi aure, don in ya tsallaka iyaka ba takarda, hanyar dawowa ta rufe. In ya ajiye waya sai ya fita ya hau gyaran abin da bai lalace ba.

Komai da sunana yake, babur, asusun banki, layin wayarsa. In 'yan sanda suka tsayar da mu ni ce mai baki, shi sai ya sunkuyar da kai don kada a ji karin harshensa na baƙo. Kullum cewa nake na gaji da wannan kaya. Na gaji ɗin kuwa. Ina jin dai na gaji.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Na shiga kasuwar Naranjo sayen kayan miya. Ina dawowa na tarar da maƙwabciyata doña Flory a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu, baki har kunne. "Kwantar da hankalinki 'yar nan, na kore su." Na ce wa? Ta ce mutanen shige da fice, farar mota, mace da namiji. Wai sun tambaye ta ko wani Bayardo Zeledón yana zaune a gidan nan. "Na ce Bayardo? Babu wani Bayardo a unguwar nan. Lidieth ita kaɗai take tun rasuwar mijinta na fari, mace mai kamun kai, ko kyanwa namiji ba ya shiga gidanta."

Jakar tumatir ta faɗi daga hannuna.

Ba ita kaɗai ba. Sun tsaya kantin maƙwabcinmu da muke kira don Édgar, shi ma ya ce bai taɓa jin sunan ba, alhali Bayardo ne ya buga masa kanta. Ya ma leƙa ta baya ya yi fiton nan da ake yi lokacin tsinkar gahawa in an hango farar mota. Shi kuma gogan nawa, yana saman rufinmu yana toshe yoyo, jin fito sai ya diro ya faɗa gonar gahawa. Mutumin da aka zo tabbatar da yana nan! Sai da ruwa ya ɗauke ya fito, jiƙe sharkaf, da ganye a gashinsa.

Haka unguwar nan take tun ina yarinya. Farar mota ta shigo, ba wanda ya san kowa. Ni kaina na sha cewa ban san mutumin da na zuba wa abinci da safe ba. Ko kusa bai zo mini a rai in gaya musu wannan zuwan daban ne ba.

Doña Flory tana tsaye tana jiran godiya. Na rufe ƙofa.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Lauya ta dafe kai. An riga an rubuta cewa ba a same shi ba kuma maƙwabta sun ce ba su san shi ba. In aka tsaya a haka, auren takarda za a kira shi, a ba shi wa'adin barin ƙasa. Mafita ɗaya ce, waɗanda suka musanta shi su je da ƙafarsu su warware maganarsu.

Litinin, 9 ga Oktoba

Bayardo ba ya cin abinci. Na zuba jan waken ma, ya tura gefe. Ya ce, "Lidi, na san fa me suka zo yi. Kaina ya sani. Ƙafafuna ne ba su sani ba." Na so in yi faɗa, faɗan bai zo ba. Na tuna yadda har yau in mota ta tsaya a ƙofar gida yake daina tauna.

An ajiye burodi mai zafi a kan tagarmu. Na san tandar da ya fito, ta doña Flory ce. Mun cinye, amma ban gaisa ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Don Édgar ya yarda nan take, har da ba da haƙuri. Doña Flory ce aiki. Na shiga na same ta tana goge gumakan waliyyanta. Ta ce ita fa ba za ta tsaya gaban hukuma ta ce ta yi ƙarya ba, shekara nawa tana jan addu'a a coci. "Ni ban yi ƙarya ba, asiri na rufa." Na ce, "To doña Flory, rufin naki ya kusa binne shi." Ta ce in da ta san haka ne ai da ta kai su har ɗakin kwanana. Na ce ai ba a makara ba.

Ta koma goge wani waliyyin da ta riga ta goge. Can ta ce, "In suka kore shi, wa zai gyara mini rufi?" Na gane ta yarda ke nan. Na fito na jingina da bango, sai ga hawaye. Haushi ne, ba wani abu ba.

Talata, 24 ga Oktoba

Ban san ko in yi dariya ko in ƙaura daga unguwa ba.

Mu huɗu muka tafi ofishin shige da fice, doña Flory cikin baƙar rigarta ta jana'iza. Jami'ar da ta zo gidan ce ta karɓe mu, ta gane ta tun daga ƙofa. "Ba ke ce kika ce ko kyanwa namiji ba ya shiga ba?" Doña Flory ta gyara zama ta ce, "Ranki ya daɗe, a ranar ban san ku ba ne."

Aka ce ta faɗi abin da ta sani. Wayyo ni. Ashe bangon da ke tsakaninmu ba bango ba ne. Ta ce minsharinsa yana hana ta barci tun shekarar da aka sake kwaltar hanya. Ta ce ni nake fara faɗa, shi yake fara ba da haƙuri, ko da shi ke da gaskiya. Ta faɗi ranar da na jefe shi da murfin tukunya saboda ya ce gahawar Estelí ta fi tamu, ta ce murfin a lambunta ya sauka kuma har yau yana wurinta, in ana son shaida ta kawo. Ta ce shi yake wanke mini kaya in bayana ya tashi, yana shanya su a ɓoye bayan ayaba don kada maza su gani, amma kowa ya gani. Ta ce lokacin da aka yi mini aiki a asibiti, a kan benci ya kwana har aka sallame ni, alhali ya san ana iya tambayarsa takarda a can. Wannan ban sani ba. Ni ce mini ya yi gida yake komawa.

Na juya na dube shi, yana ta nazarin takalminsa.

Matar ta daina rubutu, ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Ya isa, doña." Doña Flory ta ce ai ba ta zo kan maganar Kirsimetin bara ba. Na ce, "An ce ya isa!" Don Édgar ko baki ba a bari ya buɗe ba, ya sa hannu kawai.

A mota doña Flory ta ce mini, "Kin ga? Gaskiya ma na iya ta." Na saya mata alewar madara. Ban yafe maganar murfi ba.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Shiru. Gahawa ta fara ja a gonaki. Jira dai.

Litinin, 20 ga Nuwamba

An amince! Lauya ta kira ina tsakar suyar ayaba. Na zauna a kan buhun shinkafa, ayabar ta ƙone, ban damu ba. Ji na yi kamar an sauke mini tulun da na manta ina ɗauke da shi. Bayardo ya shiga bayan gida ya daɗe, ya fito da ido ja, wai sabulu ne.

Duk wanda ya ci abinci a rumfata yau kyauta ya ci. Don Édgar ya yi fiton nan don tsokana, Bayardo ya zabura, unguwa ta kwashe da dariya, har shi.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Shi kaɗai ya je ya karɓo katin. Na ce in raka shi, ya ce in zauna, ya san hanya. Hoton bai yi kyau ba, kamar wanda aka kama da satar kaza, amma sai fito da shi yake yana dubawa.

Da yamma na ji shi a shagon kayan gini yana ciniki da murya sama, da harshensu na can, ba sassautawa. Ban san muryarsa ta kai haka ba. Daga baya ya ce in ba shi takardunsa da ke cikin akwatina, zai riƙa ajiye su da kansa. Na ba shi. Me zan ce? Nasa ne. Akwatin dai ya yi fili da yawa.

Lahadi, 3 ga Disamba

Ya sayo tikitin mota zuwa Estelí, don bikin Budurwa Maryamu da suke yi a can. Guda biyu. Na ce wa ya ce masa za ni? Ya ce, "Mama tana so ta taɓa fuskarki tun tana ɗan gani." Marielos ta ce gara in bi shi ɗin, in sa ido. Na bar wa doña Flory makullin gida, tunda dai ba abin da ba ta sani ba.

Laraba, 6 ga Disamba

A iyaka jami'in ya tambaye ni ina zan sauka, na buɗe baki ban san me zan ce ba. Bayardo ya ce, "Matata ce, gidanmu za ta." Aka buga hatimi.

Doña Chepita 'yar ƙarama ce, kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya. Ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Ka tsufa, ɗan banza." Ya durƙusa ya sa kai a cinyarta. Na fita waje na ba su wuri. Da ta shafa tawa fuskar sai ta ce, "Ke ce mai gishiri?"

Asabar, 9 ga Disamba

Waƙa, wasan wuta, yara gida gida ana raba musu rake da alewa. Ya san kowa, kowa ya san shi. Ana kiransa da wani sunan yarinta da ban taɓa ji ba. Dariyarsa ma daban ce a nan. Na yi murna. Na kuma ji wani abu daban, ban san sunansa ba.

Talata, 12 ga Disamba

Ina gida. Ni kaɗai na dawo.

Jiya yana haɗa jakarsa, tsohuwar tana zaune bakin gado tana lalubar hannun rigarsa, ba ta ce kada ya tafi ba. Shi ma bai ce yana so ya zauna ba. Ni ce na ji bakina yana cewa, "Ka yi mata Kirsimeti mana. Rumfa ba za ta gudu ba, ni zan koma." Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kin tabbata, Lidi?" Na ce kada ya sa in sake tunani.

Ya raka ni tasha, ya cusa mini ƙullin jan wake a jaka, wai kada in lalace da baƙi kafin ya zo. Na zata zan yi ta saƙe-saƙe a hanya. Barci na yi, sai da yaron mota ya tashe ni a iyaka.

Marielos ta zo da yamma, ta leƙa ɗaki, ta leƙa bayan gida. "To? Yaushe zai dawo?" Na ce ban sani ba. Ta zaro ido. "Ba ki tambaye shi ba?"

Sai a lokacin na lura ban tambaya ba.