Bashir ya ɗauka ruwan Madina ne

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya Malam da yara? Mu nan unguwar Jurf ta Madina lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ɗan naki Bashir, mai gyaran injin kwalekwale a ɗan tsibirin nan na tekun Yaman, guguwa ta afka musu. Tun tana haɗuwa can tsakiyar teku masunta suka hau dutse, suka ce ya biyo su. Shi kuwa tashin Madina, inda fita ake yi ruwa ya taɓa mutum don albarka, sai ya cire hula ya tsaya ƙofar shago yana addu'a. Iska ta fizgo kwanon rufi ya tsaga masa ƙafa, teku ta cinye shagon.

Da waya ta shiga na ce halas, ya isa haka, ya dawo garin Yanbu nan kusa da mu, ai can ma akwai teku. Wai, "Ya ummi, masuntan nan su suka ɗauke ni a kafaɗa. In na tafi wa zai tada musu inji?"

Ki sa shi a addu'a, ki kuma kira shi, maganarki yake ji. A gaida Inna.

Jiya an yi yayyafi a nan, duk unguwa ta fita. Ni na rufe taga.

Ƙanwarki,
Zainabu