Abin da wayar ɗan baffana ta zubo cikin desan animen yarana

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, gobe kawai gare ni.

Ni ɗan kasuwa ne a Tasawa, ina sayar da panno na sola da batura da kayan wuta. Daga tebur na fara, na ga abubuwa iri-iri, ban cika tsorata ba, amma yau a tsorace nake rubutun nan.

Bara na sayi tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, na sa mata babban disk, na tara desan anime, wato katun na dabbobi, irin waɗanda muke kallo muna yara a Mayahi, lokacin da tele ɗaya ce a unguwarmu, ta taga muke leƙe. Na haɗa ta da tele da wifi na gida, duk wayar da na sa wa apilikasiyon tana iya kallo ko babu intanet. Don yarana su bar yawon gidajen mutane na yi, kuma gaskiya ni ma ina so. Akwai wani wuri a cikin apilikasiyon, in ka kunna shi, duk hoto ko bidiyon da aka ɗauka da wayar yana shiga ordinatar da kansa da zarar an shigo da wayar gidan. Na kunna a tawa da ta maiɗakina don kada hotunan yara su ɓace.

Ina da ɗan baffa, tare muka tashi, mahaifiyarsa ce ta riƙe ni bayan rasuwar tawa. Abubuwa ba su yi masa daidai ba, yanzu kabu-kabu yake yi tsakanin nan da garuruwan bakin iyaka. Ranar da ya ga abin mun yi dariya har da hawaye, yana ta kwaikwayon muryoyin dabbobin, ya ce in sa masa a wayarsa. Na sa, kuma bisa sabo na kunna masa wancan wurin, ban ma tuna na faɗa masa ba.

Ranar Juma'a ya zo mun ci abinci. Bayan ya tafi sai ɗiyata, wadda ba ta cika shekara goma ba, ta kira ni da murna: "Baba, zo ka gan ni a tele." Na zo na tarar da ita ce a hanyar lakwal, wato makarantarsu, da jakarta a baya, an ɗauke ta daga nesa. Na kore ta na ƙara murya. Muryar ɗan baffana ce, ba na shakka. Yana cewa ita ce mai shuɗin hijabi, ita kaɗai take dawowa, uban ba ya rufe shago sai magariba. Wani da ban san muryarsa ba ya tambaya ko zan iya biya, shi kuma ya ce kada ka duba shigarsa, yana da shi. Akwai wani bidiyon na katangarmu ta baya, wurin da ta fi gajarta.

Na hana ta zuwa lakwal, na ce ba ta da lafiya. Da na nuna wa maiɗakina, ta ce mu tafi jandarma a take, ita kuma za ta kwashe yara zuwa gidansu a Kona. Na ce ta dakata, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ta ce na fifita zumunci a kan ɗiyata. Ba haka ba ne. Abin da nake gani, in aka kama shi, sauran ban san su ba, su kuwa sun san ƙofata. In na tare shi da maganar, zai rantse, ya goge wayar, in koma ban ganin komai. Ga kuma tsohuwar da ta raine ni, ban san da wane baki zan gaya mata ba.

Ɗazu ya kira ni, wai ya ji ɗiyarsa ba lafiya, gobe zai shigo ya duba ta. Na ce Allah ya kai mu.

In ya shigo, wayar za ta zubo mini duk abin da ya ɗauka tun Juma'a, wataƙila in ga fuskar ɗayan. Amma sai na zaunar da shi a tabarmata, ya kalli ɗiyata. In bar shi ya shigo, ko in tafi jandarma tun da safe? Yara kuma, in tura su Kona, ko hanyar ta fi gidan haɗari? Wanda ya san irin wannan ya gaya mini.